Hayar mota a babban birni: sauƙi ne ko neman wahala?

Baban_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema. Za mu yi tafiya ni da uwargida da yara biyu ƙanana, da kuma mahaifiyata wadda ciwon gwiwa ke damunta. Ni a ganina mu ɗauki hayar mota tun daga filin jirgi, mu riƙe abarmu har ranar dawowa, duk inda muka ga dama mu je ba jiran kowa. Uwargida kuma ta dage wai motar za ta zame mana kaya. Waɗanda suka saba shiga manyan birane, me kuka gani?

Direban_Dare:
Wa alaikumus salam. Alhaji ai ba ka faɗi birnin ba. Babban birni suna ya tara. Amsar wanda za shi Landan daban, ta wanda za shi Los Anjalas daban.

Baban_Ilham:
Afuwan, Istanbul ne. Otal ɗin da muka kama yana cikin tsohon gari, kusa da Sultanahmet.

Hajiya_Mai_Atamfa:
To Alhaji, uwargidanka ta fi ka gaskiya, ka yi haƙuri. Ina zuwa garin nan saro kaya, ban taɓa sha'awar tuƙi a cikinsa ba ko sau ɗaya. Gari ne mai mutum sama da miliyan 15, kuma unguwar da ka kama otal lunguna ne matsattsu masu hawa da gangara, an shimfiɗe su da duwatsu, da yawansu hanya ɗaya ce ba a dawowa ta cikinsu. Ƙananan otal ɗin wurin galibi ba su da wajen ajiye mota. Za ka kai Hajiya ƙofar otal ka sauke ta, sannan ka shiga zagaye neman inda za ka yi fakin, ka dawo a ƙafa. Gobe da safe kuma haka. Alhali ga taram nan, wato jirgin da ke bin kan titi a cikin gari, layin T1 yana bi ta babbar kasuwa, ya bi ta gaban Sultanahmet, ya sauka Eminonu bakin ruwa. Kati ɗaya ne, Istanbulkart, da shi za ka shiga taram da jirgin ƙarƙashin ƙasa da bas da jirgin ruwa.

Injiniya_S:
Ƙari a kan maganar Hajiya. Garin wani ɓangare a Turai yake wani a Asiya, ruwan Bosforos ya raba shi. Mai mota galibi gada yake bi ko ramin ƙarƙashin ruwa, kuma safe da yamma gadojin nan cushewa suke yi. Jirgin Marmaray da aka buɗe a 2013 yana ratsa ƙarƙashin ruwan cikin 'yan mintuna. Jirgin ruwa kuwa shi kansa yawon buɗe ido ne, yara sun fi jin daɗinsa a kan zaman bayan mota.

Direban_Dare:
Ku tsaya dai. Kowa ya kama yabon jirgi, an manta da tsohuwa. Mutum ya ce mahaifiyarsa na da ciwon gwiwa. Kun san nisan da ake takawa a cikin tashar ƙarƙashin ƙasa kafin a kai bakin jirgi? Wata tashar sai ka sauka hawa uku ko huɗu. Idan lif ɗin ya lalace ko layi ya yi tsawo fa? Sannan a shiga jirgi lokacin tashi daga aiki, ba wurin zama, ga yara biyu, ga jaka. Saurayi mai jakar goyo ne yake cewa mota ba ta da amfani. Mai iyali lissafinsa daban.

Maman_Yan_Biyu:
Allah ya yi maka albarka Direba. Duk wadda ta taɓa ɗaukar yaro mai barci a kafaɗa, ɗayan yana ja mata mayafi yana kukan fitsari a tsakiyar tasha, ta san darajar mota. A mota ka zuba ruwa da kayan canji da keken yara a but, shi ke nan.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Maman 'Yan Biyu, ni ma uwa ce, na san wannan. Amma motar ba za ta kai ku ƙofar masallacin Sulaimaniyya ko cikin fadar Topkapi ba. Inda za a ajiye ta zai iya fin tashar taram nisa. Ita gwiwar Hajiya ba ta san ko daga mota aka sauko ko daga jirgi ba, takun kawai take ƙirgawa. Abin da ke sauke mutum a bakin ƙofa ya wuce, tasi ne, ko mota mai direba.

Malam_Na_Gefe:
Nan ne gizo ke saƙa. Tambayar da ya kamata mutum ya yi wa kansa a kowane birni ita ce: idan na isa, ina zan ajiye ta? Tuƙin ba shi ne matsala ba. A rana guda ta yawon gari, motar tana tafiya awa ɗaya ko biyu, sauran awannin tana tsaye ne a wurin da kake biya. Kana biyan haya, kana biyan fakin da rana, kana biyan fakin na kwana, duk don abin da ke tsaye.

Dan_Boko_77:
Akwai wani abu da ba wanda ya lura. Ku biyar ne. Tasi na yau da kullum fasinja huɗu yake ɗauka. Ke nan ko ku riƙa kiran babbar mota, ko ku rabu gida biyu a kowace fita. Ita ma motar hayar, ƙaramar da ake tallatawa da araha a intanet ba za ta ɗauke ku ba. Kujerun yara biyu a baya sun cinye wuri, Hajiya ba za ta matse a tsakaninsu ba, ga akwatuna. Mai kujera bakwai za ka nema, ita kuma ta fi tsada, ta fi wuyar shiga lungu.

Baban_Ilham:
Wallahi wannan lissafi na Ɗan Boko ya shige ni. Kujerar yaran dole ce ko ganin dama?

Dan_Boko_77:
A ƙasashe da yawa doka ce, gwargwadon shekaru ko tsawon yaro. Kamfanin haya yana bayarwa amma kuɗinta daban, kullum-kullum ake lissafawa. Ka nema tun lokacin da kake kama motar, kada ka bari sai ka isa.

Kawu_Mai_Carbi:
Yaran zamani da tsoro. Mu da muka yi tuƙi a garuruwan mutane babu waya babu taswirar da ke magana, sai takarda a cinya da tambayar mutane a hanya. Matambayi ba ya ɓata. Yanzu ga na'ura tana ce maka yi dama yi hagu, amma a ce ba za a iya ba?

Injiniya_S:
Kawu, ranka ya daɗe, a zamaninku ɗan sanda ne ke tsayar da mutum, ya ga baƙo ne, a yi bayani, wani lokaci ya yi maka uzuri. Yanzu kyamara ce, ba ta san baƙo ba. Landan tun 2003 ake biyan kuɗin shiga tsakiyar gari da mota, babu shinge babu mai karɓa, lambar mota kawai ake ɗauka, idan ba ka biya ta intanet ba tara ta hau. Singafo ta riga kowa, tun 1975. Dubai suna da nasu kuɗin hanya mai suna Salik tun 2007, kana wucewa ƙarƙashin ƙofar ana cira. Niyok ma sun fara nasu a Manhattan a Janairun 2025. Faris kuma tun 2021 yawancin titunanta kilomita 30 a awa ne iyaka. A Turkiyya kuɗin gada da manyan hanyoyi ta HGS ake cira, wani ɗan tambari ne da ake mannawa a gilashin mota, motar haya tana zuwa da shi a manne, daga baya kamfani ya zare daga katinka. Baƙo ba ya sanin waɗannan sai takarda ta iso.

Yar_Italiya:
Kai, Injiniya ka taɓo min inda ke min ƙaiƙayi. A Italiya akwai abin da suke kira ZTL, wato unguwannin tsakiyar gari da ba a yarda motar da ba ta da izini ta shiga ba a wasu awanni. Rum na da shi, Fulorans na da shi. Alamar farin faifai ne mai jan baki, da ƙananan rubutu a ƙasa cikin yarensu. Mijin yayata ya zo mana ziyara ya ɗauki haya, taswirar waya ta bi da shi ta cikin irin wannan unguwa yana neman otal, ya zagaya ya sake shiga. Kowace shiga tararta daban. Sai bayan watanni da komawarsa gida aka fara cirar kuɗi a katinsa. Na farko ma ba tarar ba ce, ladan kamfanin haya ne na miƙa sunansa ga hukuma. Tarar kanta daga baya ta biyo.

Kawu_Mai_Carbi:
To Allah ya kyauta. Wannan kam ba mu san shi ba a da.

Direban_Dare:
Duk na ji, amma kada a mayar da abin kamar hayar mota haramun ce. Je ka Hustan ko Los Anjalas ka ce za ka dogara da bas, ka ga yadda rana za ta ƙare maka a tasha. Garuruwa ne da aka gina don mota, komai nesa da komai, wajen fakin kuma ko'ina. Riyad ma haka take kafin su buɗe jirginsu a ƙarshen 2024. Johanasbag akwai jirgin ƙasa na Gautrain tun 2010, amma wurare kaɗan yake zuwa.

Malam_Na_Gefe:
Ba wanda ya musa maka, Direba. Ni yadda nake rarrabewa: birnin da ya tsufa kafin a ƙirƙiro mota, kamar Istanbul, Rum, Alƙahira, Landan, tsakiyarsa ba ta mota ba ce. Landan tun 1863 suke da jirgin ƙarƙashin ƙasa. Alƙahira tun 1987, ita ce ta farko a Afirka. Birnin da ya girma bayan mota ta yawaita, shi ne za ka wahala in ba ka da ita.

Ummu_Sultan:
Dubai fa, a wane layi za ku sa ta? Don ni a can na ga amfanin mota. Jirginsu mai kyau ne, tun 2009 yake aiki, har da taragon mata da yara, amma kusan bin babban titi ɗaya yake yi. Ka sauka a tasha a watan Yuli ka ce za ka taka minti goma da yara, ka gane kurenka.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Dubai tasi ya wadata ai, ga su nan ko'ina da mita. Ni ko a can ban ga dalili ba, sai in za a fita Abu Dabi ko Al Ain.

Ummu_Sultan:
Hajiya ke kasuwa kike zuwa ki koma otal. Mai yara wuri huɗu yake zuwa a rana.

Alhaji_Guanzu:
Bari in sako maganar lasisi tunda ba a yi ta ba. Mutane suna ɗauka da zarar sun yi lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa shi ke nan duniya ta buɗe. Ba haka ba ne. Na farko, shi fassarar lasisinka ne kawai, dole ka haɗa da na ƙasarku, shi kaɗai ba ya aiki. Na biyu, iri-iri ne, akwai na yarjejeniyar Janeba ta 1949, akwai na Biyana ta 1968. Japan na 1949 take karɓa. Sin kuwa ba ta karɓar ko ɗaya, sai ka nemi izinin wucin gadi nasu. Shi ya sa duk zuwan da 'yan kasuwa ke yi Guanzu ba ka ganin kowa da motar haya, jirgi ne da tasi. Alhaji ka rubuta wa kamfanin da za ka ɗauka a wurinsu, ka faɗa musu lasisin wace ƙasa ke hannunka, su ba ka amsa a rubuce kafin ka biya ko sisi.

Dan_Boko_77:
Da kati ma. Da yawansu katin bashi suke so, mai sunan direban, su riƙe wani kuɗi a ciki a matsayin jingina har ka dawo da mota. Katin cirar kuɗi na yau da kullum wasu ba sa karɓa, ko su karɓa su tilasta maka sayen inshorarsu mafi tsada. Kuɗin da aka riƙe kuma ba ranar da ka mayar da mota yake dawowa ba, yana iya ɗaukar kwanaki ko makonni. Idan da shi ka yi niyyar yin tsaraba, ka sake lissafi. Wanda bai kai shekara 25 ba kuma yawanci akwai ƙarin kuɗi a kansa.

Sarkin_Zolaya:
Ni dai abin da na fahimta a zauren nan shi ne uwargida ta ci wasa tun kafin a fara. Alhaji ka je ka ba da haƙuri kawai.

Baban_Ilham:
Sarki ka bar ni da abin da ke damuna, ai tana karantawa a wayata. Amma akwai abin da ban faɗa ba. Hajiya tana son mu je birnin Bursa, ta ji labarin babban masallacin can mai ƙubba 20. Shi ne asalin abin da ya sa na fara tunanin mota.

Malam_Na_Gefe:
To ai da ka faɗi wannan tun farko. Magana ta canja. Ba dole ne ka zaɓi mota duk tafiyar ko babu mota sam ba. Kwanakin cikin gari ku yi su da taram da jirgin ruwa da tasi. Ranar Bursa ka ɗauki haya ta kwana ɗaya ko biyu, ka fita da sassafe kafin gari ya tashi. Tun da aka buɗe gadar Osmangazi a 2016 hanyar ta ragu sosai, babban titi ne lafiyayye, ku tsaya inda kuke so ku yi salla Hajiya ta miƙe ƙafa. A irin wannan tafiyar ce mota take biyan kuɗinta.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Ko ita ma akwai jirgin ruwa zuwa Mudanya, daga nan a hau mota zuwa cikin Bursa.

Maman_Yan_Biyu:
Hajiya don Allah! Jirgi, sannan mota, sannan a dawo haka da dare da tsohuwa da yara? A nan kam ina bayan Malam.

Direban_Dare:
Tunda an zo inda nake so, ga shawarar wanda ya saba ɗauka. Kada ka karɓi makulli ka shige kawai don yara na kuka. Kunna bidiyon wayarka ka zagaye motar a hankali, ma'aikacinsu yana tsaye. Ka ɗauki bamba gaba da baya, ƙasan ƙofofi, gilashin gaba ko akwai ɗan tsagu, rim ɗin kowace taya don a nan ƙarzanar gefen titi take ɓuya, har rufin sama. Ka ɗauki allon mita ya nuna yawan mai da kilomita. Duk tabon da ka gani a rubuta shi a takarda. Ka tambaya fetur take sha ko dizal, don zuba wanda ba shi ba inshora ba ta cika biya. Ka zaɓi tsarin karɓa da cikakken tanki ka mayar da cikakke, ka ajiye rasidin gidan mai na ƙarshe. Wurin mayarwa kuma ka je lokacin da ofis yake buɗe, a duba a gabanka a ba ka takardar cewa lafiya ta dawo. Na taɓa jefa makulli a akwatin wani kamfani da asuba saboda jirgin safe, bayan mako suka turo hoton loɓawa a ƙofar baya wadda ban san da ita ba. Bidiyon da na ɗauka a wurin ajiyewa ne ya raba mu.

Injiniya_S:
Kuma a karanta maganar inshora da kyau. Wadda ke zuwa da motar yawanci tana da wani kaso da kai za ka fara biya idan an yi ɓarna, sai abin da ya haura shi ne nasu. Taya da gilashi da ƙasan mota sau da yawa ba sa ciki. Idan uwargida za ta karɓe ka tuƙi a hanya, dole a rubuta sunanta a matsayin direba na biyu, in ba haka ba aka samu matsala tana kan sitiyari babu inshora.

Yar_Italiya:
A Turai kuma mota mai giyar hannu ta fi yawa a wurin haya. Wanda otomatik kawai ya iya ya tabbatar ya zaɓe ta tun a intanet. Ka yi tunanin koyon kuloci a kan gangaren Istanbul, tasi na bayanka yana danna hon.

Abu_Yasir:
Ni tambayata daban ce, ku yi haƙuri na shigo tsakiya. Wata mai zuwa za ni Landan, kuma ban taɓa tuƙi a hannun hagu ba. Ana sabawa da wuri?

Kawu_Mai_Carbi:
Ana sabawa, ɗana, amma ba ranar da ka sauka daga jirgi da gajiya ba. A miƙaƙƙen titi ba matsala, kana bin na gabanka. Inda hannu ke komawa tsohon sabo shi ne shataletale, da fitowa daga gidan mai idan titi ba kowa. Cikin Landan dai ka bar musu abinsu, katin bankinka ma ya isa ka shiga jirgi da bas.

Ummu_Sultan:
Mu koma kan Alhaji. Ba wanda ya yi maganar mota da direbanta sosai. Ga mai tafiya da dattijuwa ni ita na fi gani. Daga filin jirgi musamman, don sabon filin Istanbul ya fi kilomita 40 daga tsohon gari, kuma jirgin da ke zuwa can ba ya kai ka Sultanahmet kai tsaye, sai an canja. Ka sa otal su turo babbar mota ta ɗauke ku da kayanku. Ranar Bursa ma direba ɗan gari ya san inda zai sauke Hajiya kusa da ƙofa ya je ya jira. Kai kuma ka zauna ka kalli gari kamar kowa, maimakon ka ƙare tafiyar idonka na kan taswira.

Direban_Dare:
Kuɗin fa? Direba na yini guda ba wasa ba ne.

Ummu_Sultan:
Haɗa haya da mai da kuɗin gada da fakin da kujerun yara biyu da cikakkiyar inshora, sannan ka kwatanta. Wani lokaci tazarar ba ta kai yadda ake zato ba.

Direban_Dare:
Wani lokaci kuma ta kai har ta wuce. Kuma da direba kana kallon agogo, yara suka ce a tsaya sai ka ji nauyi.

Baban_Ilham:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Daga filin jirgi dai mun yarda otal su turo mota. Bursa ce har yanzu muke ja, ni ina son in tuƙa, ita tana bayan Ummu Sultan. Alhaji Guanzu, na tura wa kamfanoni biyu saƙo kan lasisin, ina jiran amsa.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Kafin nan ka tambayi otal ɗin ko suna da lif. Gine-ginen unguwar nan da yawa tsofaffi ne, wasu matakala ce kawai har hawa na huɗu. In babu, a ba Hajiya ɗaki a ƙasa.

Abu_Yasir:
Kawu, to idan daga Landan zan wuce Manchesta fa, jirgin ƙasa ko mota? Mu uku ne da kaya.